Ashe "anger" ba fushi take nufi ba da farko

Ɗiyata ce ta tsare ni da tambayar inda Turawa suka samo "anger", kalmarsu ta fushi, sai muka bi diddigi tare. Ashe aro ce. Mayaƙan teku na Sikandinabiya, wani yanki a can arewacin Turai, da suka mamaye arewacin Ingila a ƙarni na 9 suka zo da ita, kuma a bakinsu "angr" baƙin ciki ne. Sai wajen ƙarni na 14 ta koma fushi.

Tushenta na can baya kuwa matsi yake nufi. Shi ya haifi "angina", ciwon ƙirjin nan mai matse masu ciwon zuciya. Nan ne ya fi burge ni wallahi, don mu ma idan rai ya ɓaci ƙunci muke cewa.