Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Teburin Makulli a Ƙofar Ruwa

A makon jiya mun tsaya a inda gwamnatin Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, na sayar da babur ɗina, kawu ya kama hannuna ya damƙa ni ga wani dattijo mai yankan makulli a kasuwar Ƙofar Ruwa. Dattijon nan ne zan riƙa kira Maigida daga yanzu.

Rumfarsa ba ta kai a kira ta shago ba. Teburi ne da tsohon injin yanka, sai allon katako da aka jera wa ƙusoshi, kowace ƙusa da damin makullan da ba a yanka ba. Maigida gwani ne na ƙarfe. Ya kan ɗaga makulli sama ya ƙura masa ido, ya faɗa maka ko na Peugeot 504 ne ko na ƙofar ɗaki. Amma zamani ya riga ya juya masa baya. Motocin da ake shigowa da su ta Kwatano, su Honda EOD da Corolla da Camry Muscle, galibin makullinsu na da kai na roba mai maɓallai, kuma Maigida ba ya son taɓa su. Idonsa ya fara rauni, ɗan sukurun da ke riƙe da su kuwa ko mai ido biyu sai ya yi da gaske. Da an kawo irinsu sai ya turo mini da bayan hannu ya ce, "Yaro, karɓi kayanku na zamani."

Abin da ya taimake ni shi ne wani abokina mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre. Ranakun Lahadi nakan je in zauna gefensa, a nan na koyi riƙe mitar gwada wuta da liƙa dalma ba tare da na ƙona fanel ba, wato ɗan allon da ƙananan kayan wutar na'ura ke zaune a kai.

Wata ranar hantsi wata Hajiya ta iso a A Daidaita Sahu, direbanta na biye da ita yana zufa. Motarta Honda EOD ce, tana can gida ta ƙi tashi tun jiya. Rimot yana buɗe ƙofa yana rufewa lafiya lau, sitata tana juyawa, amma inji ya ce bai san zancen ba. Wani makaniki ya riga ya gaya mata ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone, ya yanka mata kuɗin da ya sa ta kasa barci.

Maigida bai karɓi makullin ba tukuna. Ya ce, "Hajiya, sannu da hanya. Kafin motar ta ƙi tashi, me aka yi wa makullin nan?"

Ta dubi direba. Direba ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, ƙwanson ne ya tsage, na kai aka sa sabo a bakin titi."

"In ka murɗa makulli, akwai wata koriyar fitila mai siffar makulli da take ƙiftawa a gaban sitiyari?"

"Akwai, Baba."

"To ina tsohon ƙwanson?"

Allah ya sa bai jefar ba, yana aljihun ƙofar mota. Aka tura shi ya ɗauko. Maigida ya miƙo mini ya ce in duba ƙuryar da ke kusa da gindin ƙarfen. Na sa bakin allura na ɗaga wani ɗan farin murfi, sai ga wani baƙin abu ƙanƙane, da kaɗan ya fi ƙwayar shinkafa. Na ciro shi a hankali, na zaunar da shi a gurbinsa cikin sabon ƙwanson, na ɗiga masa gam kaɗan. Direba ya koma gida da makulli. Ba a jima ba wayar Hajiya ta yi ƙara, muna jin kukan inji daga inda muke zaune. Ta ce, "Baba, nawa ne?" Ya ce, "Ki ba yaron abin da ya sauwaƙa."

Na yi mamakin yadda mutumin da ba ya taɓa rimot ya san wannan. Ashe kunnensa na kasuwa, yana jin hirar masu wayarin. Abin da ya sani, wanda masu mota da yawa ba su sani ba, shi ne abubuwa biyu ne ke zaune cikin kan makulli ɗaya kuma babu ruwan wani da wani. Akwai rimot mai buɗe ƙofa, shi ke cin batir. Akwai kuma cip ɗin tsaro, wanda ba ya bukatar batir ko kaɗan: wani zoben waya da ke kewaye da ramin makulli ne ke ba shi wuta idan ka zura, shi kuma ya faɗa wa mota lambarsa, sannan ta yarda ta ba inji mai. Shi ya sa batir zai mutu murus amma mota ta tashi, kuma rimot zai yi aiki sumul mota ta ƙi.

Daga ranar aikin rimot ya zama nawa, kuma mafi yawansa batir ne kawai. Alamarsa ba ta ɓuya. Da kana buɗe mota daga nesa, yanzu sai ka matso jikinta, ko ka danna ka sake dannawa. Da sanyin hunturu abin ya fi tsananta, domin sanyi yana rage wa batir ƙarfi. Lambar da ke jikin batirin ita ce girmansa: CR2032 faɗinsa milimita 20 ne, kaurinsa 3.2, CR2025 kaurinsa 2.5, CR2016 kuma 1.6. Ita EOD ɗin Hajiya CR1616 take ɗauka. Dukkansu bolt 3 ne, shi ya sa wasu ke cusa wanda suka samu. Siriri a gurbin mai kauri zai riƙa rawa, yau aiki gobe shiru. Mai kauri a gurbin siriri kuwa lanƙwasa ƙarfen riƙo yake yi, ko ya fasa ƙwanso. Kafin ka cire tsohon, duba ta ina alamar + take kallo. Kuma ka buɗe da tsabar kuɗi ko siririn sukundireba ta wurin tsagar da aka tanada, ka bi gefe-gefe, ba da wuƙar kicin ba.

Jabun batir ya ba ni wahala a kasuwar nan. Kati guda mai sunan babban kamfani, araha kamar kyauta, amma ba ya wata biyu. Na mayar da ita al'ada in gwada kowane batir a mita a gaban mai shi. Sabo na kirki yakan nuna sama da bolt 3 kaɗan. Tsohon kuwa ba na ba kowa ya tafi da shi, a gwangwani mai murfi nake tarawa. Iyaye ku ji wannan da kyau: idan yaro ya haɗiye irin wannan batir ya maƙale a maƙoshi, cikin sa'o'i biyu yana iya ƙona naman wurin. Asibiti ake nufa nan take, ba a jira ya fita da kansa.

Inda sana'ar take da daɗi shi ne idan an sa sabon batir rimot ya ci gaba da shiru. A nan ne ake cutar mutane, a ce musu sai sabon makulli. Ni nakan fara da ƙarfen da ke riƙe batir, sau da yawa ya saki ne, ɗan ɗaga shi kawai ya wadatar. Sannan in duba fanel. Makullin da ya sha zufar aljihu ko ya bi wanki za ka ga kore-kore ko farin gari a jikinsa, sai in goge da sifirit da tsohon buroshin haƙori in bar shi ya bushe. Idan maɓalli ɗaya ne ya mutu sauran na aiki, galibi ɗan makunnin da ke ƙarƙashinsa ne dalmarsa ta tsage saboda yawan danna da ƙarfi, kuma ɗigon dalma ke tashinsa. Wasu Peugeot kamar 307 sukan manta da rimot ɗinsu bayan canjin batir: ka zura makulli ka murɗa har fitilun gaba su kawo, ka danne maɓallin rufewa na 'yan daƙiƙu, ka kashe ka zare, sun sake gane juna. In kuma makulli biyu ne suka yi shiru lokaci guda, to a bar zargin makulli, a je a duba fis da batirin motar kanta.

Akwai wani Alhaji da ya sayo rimot a Dubai, kamarsa ɗaya da nasa, ya yi ta yawo da shi rumfa-rumfa. Motarsa 'yar Amurka ce, rimot ɗinta na magana a zangon rediyo na 315, wanda ya sayo kuma 433 ne irin na motocin Turai. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ko shekara za a yi ba za su ji juna ba." Bai ji daɗi ba, amma ya dawo daga baya da motar matarsa.

Masu motar da ake danna maɓalli ta tashi su ne suka fi firgita idan batir ya mutu, har janwe suke kira. Alhali akwai siririn makullin ƙarfe ɓoye cikin rimot ɗin na buɗe ƙofar direba, kuma a Toyota idan ka taka birki ka kara rimot a jikin maɓallin tashi, motar za ta karanta shi ta tashi.

Kafin azumin shekarar ya zo, Maigida ya share mini kusurwar teburi ya ce abin da na samu a rimot mu raba biyu. Sai dai duk wanda ya ɓatar da makullinsa gaba ɗaya dole mu tura shi wani wuri, domin ba mu da na'urar da ke haɗa sabon cip da ƙwaƙwalwar mota. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin adashin da na shiga da tafiyata kasuwar Ladipo a Legas neman wannan na'ura.