Kanwar da na ba akawal ranar Hawan Daushe

Gobe zan miƙa makullin ɗakin magani in bar bargar nan bayan shekara 3, kuma har yanzu akawal ɗin maigida ne ya fi tsaya min a rai.

Ranar Hawan Daushe tun azahar aka ɗaura masa kaya, sai bayan magariba ya dawo, gumi ya bushe fari fat a wuyansa. A makaranta na riƙe cewa dokin da ya wahala tsami ne ke taruwa a jininsa, don haka na sa yara suka jiƙa masa kanwa mai yawa. Ba a jima ba kwiɓinsa ya fara harbawa, bugu ɗaya da bugun zuciyarsa.

Tsamin nan na dokin sukuwa ne, mai gudu kamar ransa zai fita na ɗan lokaci. Wanda ya wuni yana gumi kuwa kulorayid, wani sinadarin gishiri, yake zubarwa, jininsa da ya kamata ya tsaya kusa da 7.4 a ma'aunin tsami na pH sai ya karkata ɓangaren kanwa, kalsiyam ɗin da jijiyoyi ke amfani da shi ya ragu. Ni kuma na ɗora masa kanwa a kan kanwa. Da ƙarin ruwa da kalsiyam a hankali muka samu ya lafa wajen asuba.

Laifina ne, na karɓa. Abin da ban haɗiye ba shi ne yadda babban likitanmu ya ce a gaban maigida, "Ranka ya daɗe, yaron nan ya so ya kashe maka doki." Bai faɗi cewa shi ya sa aka ninka dawa aka rage harawa ana saura mako guda sallah ba. A lokacin na ce masa, "Likita, hatsin nan zai wuce zuwa babban hanji bai narke ba, ya yi tsami a can." Ya ce yaushe na zo. Dawakai 2 suka kamu da zafin kofato, ɗaya har yau yana ɗingishi.

Ga wanda zai gaje ni: harawa kafin hatsi, hatsin kuma a raba shi kaɗan-kaɗan. Gishiri da ruwa kada su yanke. Tun da na koma wannan tsarin, sallah 4 muka yi babu dokin da ya kwanta.