Abin da Inuwar Sanda ta Koya Mini

A shekarun farko da na fara koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare da ke Kaduna, na riƙa zana wa ɗalibai yanayi huɗu na Turai a allo kamar yadda na same su a littafi, har da dusar ƙanƙara, alhali babu wanda ya taɓa ganinta a cikinmu. Idan aka tambaye ni dalilin sauyin yanayi kuwa, sai in ce duniya ce ke matsawa kusa da rana a yi zafi, ta ja baya a yi sanyi. Wata ɗaliba ce ta tsinke mini hanzari da safiyar wata Litinin cikin Disamba, lokacin da hazo ya rufe gari kowa ya sha rigar sanyi. Ta ce, "Malam, yayana da ke karatu a Afirka ta Kudu ya ce zafi suke sha yanzu. Ashe ba duniya ɗaya muke ciki ba?" Na ce mata za mu dawo kan batun, domin gaskiya ba ni da amsa.

Da na koma na yi bincike sai kunya ta kama ni, saboda a farkon Janairu ne duniya ta fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma ta fi nisa, kimanin miliyan 152. Ke nan muna fama da hunturu ne a daidai lokacin da muka fi kusa da ita. Asalin dalilin shi ne duniya tana juyawa a karkace da kimanin digiri 23 da rabi, kuma karkatar tana fuskantar gefe ɗaya duk tsawon zagayen da take yi wa rana. Wajen 21 ga Yuni ɓangaren arewa ne ke sunkuyar da kai ga rana, hasken ya sauka masa a miƙe, yini ya yi tsawo. Wajen 21 ga Disamba kuma sai ɓangaren kudu ya karɓi wannan rabo.

Sai dai wannan bayani bai gamsar da ɗalibaina ba, kuma ban ga laifinsu ba, tun da a Kaduna Maris da Afrilu ne suka fi Yuni zafi nesa ba kusa ba. Saboda haka muka kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a filin makaranta, muka riƙa auna inuwarta da tsakar rana, wajen ƙarfe 12:30. A Disamba inuwar ta miƙa arewa kusan santimita 67, daga nan ta yi ta raguwa mako bayan mako, har a tsakiyar Afrilu ta shige ƙarƙashin sandar, yara suka kewaye ta suna nema suna dariya. Bayan 'yan makonni sai ta ɓullo ta kudu, a Yuni ta kai kusan santimita 23. Kaduna tana wajen digiri 10 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana takan ratsa ta saman kanmu sau biyu a shekara, abin da ba ya taɓa faruwa a Landan, inda inuwar tsakar rana kullum arewa take fuskanta.

A nan ne na fahimci cewa mu karkatar duniya ba da sanyi da zafi ta fi zuwar mana ba, da ruwa take zuwa. Idan rana ta hau arewa ta gasa ƙasa, iska mai zafi takan tashi sama, sai iska mai danshi daga Tekun Atilantika ta kwararo daga kudu maso yamma ta maye gurbinta, ita ce ke ɗauko mana hadari. Zafin bazara na faruwa ne saboda rana ta iso kanmu kafin gajimare ya iso. Idan ta koma kudu, iskar Sahara ta arewa maso gabas takan biyo bayanta da ƙura da bushewar leɓe. Bazara da damina da kaka da hunturu, waɗanda kowane manomi a Zariya ko Kaciya ya san su tun yana yaro, su ne ya kamata in fara rubutawa a allo tun farko, kuma ina ganin kuskure ne babba a fara wa ɗan Kaduna da yanayin ƙasar da bai taɓa takawa ba.

Tsawon yini ma bai cika motsawa a wurinmu ba, domin tsakanin Yuni da Disamba bambancin bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba, yayin da a Landan yinin Yuni ya haura awa 16, na Disamba bai cika 8 ba. Shi ya sa da azumin 2016 ya faɗo cikin Yuni, 'yan'uwanmu na Ingila suka riƙa shan ruwa bayan ƙarfe tara na dare.

Mun yi shirin kama ratsawar rana ta biyu a ƙarshen Agusta, ɗalibai biyar suka zo duk da hutu, da abin awo da littafi a hannu. Marka ce ta tare mu, aka wuni ana yayyafi, ko ƙwayar rana ba mu gani ba balle inuwa. Muna fake a baranda sai ɗalibar nan ta dubi sandar tana ɗigar ruwa ta ce, "Malam, ai rana ce ta jawo ruwan da ya ɓoye ta." Ni kuma na rubuta a shafin awon ranar cewa ba a samu inuwa ba saboda ruwa.