Da tsohon nan bai zaunar da ni gaban fiyano ba

Shekara biyu na yi ina amshi a wani sitidiyo a Sabon Gari, ina matse maƙogwaro don murya ta fito siririya irin ta mawaƙan da muke ji a waya. Ban san kwamfuta ce ke ɗaga yawancinsu ba. Wani hunturu muryar ta dishe ɗungurungum, sallama ma da hannu nake yi. Na sha zuma da citta da kanumfari har na gaji, alhali ciwon ba sanyi ba ne, ganganci ne.

Wani dattijo mai koyar da mawaƙan coci a Wusasa ne ya gano ni. Ya zaunar da ni gefen fiyano, yana danna farin maɓalli ɗaya bayan ɗaya ina bi da "aaa". Muka gangara ƙasa har muryar ta koma gurnani, muka hau sama har jijiyar wuyana ta miƙe. Nan ya ɗora yatsa ya ce, "Ɗana, iyakarka ke nan. Kai bariton ne, me ya kai ka gonar tena?"

Na ce, "Baba, mene ne kuma bariton?"

Ashe muryar namiji ce ta tsakiya, ƙasa da tena mai hawa sama, sama da bes mai kauri, kuma ita ce ta yawancin maza. Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta sauti mai nauyi. Faɗin muryar yawanci bai wuce fararen maɓallai 15 ba, daga cikin maɓallai 88 na fiyano. Abin da ya fi ba ni haushi, tsakanin ƙololuwata da ta mai tena maɓalli uku ne ko huɗu. A kansu na kusa rasa murya! Mata ma da nasu, sofrano a sama, alto a ƙasa, duk da alto a Italiyanci "sama" yake nufi, don asali muryar maza ce mai hawa bisa tena.

To ƙannena masu zaryar sitidiyo daga Samaru zuwa Tudun Wada, kafin ku biya kuɗin kiɗa ku sa a gwada ku haka, minti biyar ya isa. In waƙa ta fi ƙarfinku, ku ce wa mai kiɗa ya sauke ta ƙasa, aikin danna abu ɗaya ne a wurinsa. Ni kunyar faɗa nake ji, kar a ce ban iya ba. Har yau in na daɗe ina rerawa, gefen hagu na maƙogwarona sai ya yi min zafi.