Godiya ga waɗanda suka tsaya mini har aka gama dasa haƙorana

Assalamu alaikum. Na dawo gida Damagaram bayan zuwa na ƙarshe wurin likitan haƙori a Yamai, kuma wajibi ne in yi godiya a bainar jama'a, domin a bainar jama'a aka taimake ni.

Maƙwabtana na Birni sun san yadda ciwon dasashi, wanda ciwon suga ya ƙara wa ƙarfi, ya cinye ƙashin muƙamuƙina a hankali har haƙora suka riƙa girgiɗa suna faɗuwa. Barin kilishi da nama bai dame ni ba kamar ranar da wani almajirina ya maimaita aya yadda ya ji ta a bakina, na ji harafin sinun ya lalace, na gane cewa giɓina ne yake karantar da yara. Haƙoran roba da na gwada kuwa zamewa suke yi a tsakiyar karatu.

Ina godiya ga likitan da ya ƙi yi mini gaggawa. Bai taɓa bakina ba sai da suga ya daidaita, aka ɗauki hoton ƙashi a sikana, sannan ya cire ragowar haƙoran ya dasa ƙusoshi na ƙarfen titaniyom, shida a sama, huɗu a ƙasa. Ya bayyana mini cewa ƙashi yana buƙatar wata 3 zuwa 6 kafin ya kama ƙarfen, kuma a kan wannan kamun ne haƙoran dindindin suke zama. Na yi wata 5 da haƙoran wucin gadi, ina jin haushin jiran, amma yau na shaida gaskiyarsa.

Yaya, ke kika sayar da tumakinki biyu ba tare da kin gaya mini ba, sai daga baya na ji a bakin ɗanki. Allah ya mayar miki da ninkinsu. Uwargida ta yi watanni tana dama kunu da fura ba gaya, tana tuƙa tuwo mai laushi kamar na yaye, tana barinsa ya huce kafin ta kawo mini, kuma ban ji ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Ƙanena ya raka ni tafiyar kusan kilomita 900 har sau huɗu, ta Maradi da Ƙonni da Doso, yana riƙe da ledar magunguna a cinyarsa.

Malaman makarantarmu sun raba ɗalibaina a tsakaninsu, iyayen yara kuma sun haɗa gudummawa bayan sallar Juma'a. Wanda ban samu zuwa gidansa ba tukuna ya yi mini afuwa, ina tafe. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

In Allah ya yarda ranar Asabar bayan asuba zan koma kan buzuna, kuma za mu tashi daga inda muka tsaya a Suratul Mulk.