Yini Guda a Taragona

Asabar, bayan isha'i.

Na baro Barsalona da hantsi a jirgin ƙasa, kuma bayan tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna a gaɓar Bahar Rum muka sauka a Taragona, birnin da Rumawa suke kira Tarako. Asalinsa sansanin soja ne da suka kafa a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin yaƙinsu da daular Kartaj ta arewacin Afirka, domin su datse wa jagoran yaƙinta Hanibal hanyar samun gudunmawa daga Sifaniya. Daga sansani ya zama babban birnin lardi, har Sarki Agustus ya zauna a cikinsa a shekarun 26 da 25 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) yana tafiyar da daular daga nan.

Na fara da filin wasan da ke bakin teku, wanda aka gina a ƙarni na 2 aka sassaƙa wani sashen kujerunsa a jikin tudu, ta yadda mai kallo yana ganin fage yana kuma ganin ruwa a bayansa. Kyan wurin ya kusa mantar da ni abin da ake yi a cikinsa. A nan mutane suke kashe juna don nishaɗin jama'a, a nan kuma aka ƙona bishop ɗin garin da mataimakansa biyu da ransu a shekarar 259 saboda addininsu. Daga baya aka gina coci a tsakiyar fagen, har yanzu kufansa yana nan da siffar gicciye. Na daɗe zaune a kan matakalar dutse, zuciyata ba daɗi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne filin tseren keken dawaki na ƙarshen ƙarni na 1. Na yi zaton zan tarar da fili a killace, sai na iske garin ne kansa ya hau bisansa. Dandalin da ke gaban ofishin magajin gari yana kan hanyar da dawakan suke bi, gidajen da ke gefensa kuma sun zauna a kan bakan gizon da ya ɗauki kujerun 'yan kallo. Na sha shayi a wani shago da bangonsa na ciki aikin Rumawa ne, mai shagon yana ta hidimarsa ko kallon bangon ba ya yi. A ganina wannan zama da aka yi a cikin ginin shi ne ya tsare shi, domin mutum ba ya barin bangon da ke riƙe da rufinsa ya zube.

Da la'asar na bi gindin ganuwa. Kusan kilomita ɗaya ne ya rage, ƙasanta manyan duwatsu ne da aka ɗora ba tare da kwaɓi ba, wasu sun kai ni tsawo. Dole badalar Kano ta faɗo mini a rai, ita da damina take zaftarewa kowace shekara, kuma na ji zafin hakan sosai. Babban cocin garin, wanda aka fara ginawa a 1171 a kan harabar haikalin Rumawa, na tsaya ne a ƙofarsa kawai saboda gajiya.

Na ci kifi da magariba a unguwar masunta ta Seralo, inda ƙananan jiragen su suke ɗaure, manyan na dakon kaya kuma suna can gaba a tashar. Gadar da Rumawa suka gina don janyo ruwa zuwa birnin, mai tsayin mita 27, tana bayan gari, ita zan nufa gobe da sassafe idan Allah ya kai mu.