Abin da na koya wajen gano ƙwaya da na'urar auna nauyin sinadarai

Na daɗe ina aiki da tsinken gwajin fitsari a wani ɗakin gwaje-gwaje a Katsina, kuma iyakar abin da yake nunawa shi ne dangin ƙwayar da aka sha, ba ainihin sunanta ba. Tsinken da ke kama dangin kodin ma ba ya ganin tiramadol, alhali tana cikin waɗanda suka fi yawo a hannun matasanmu. Wannan ne ya sa na nemi horo a kan LC-MS/MS, na'urar da ke gano ƙwaya ta hanyar auna nauyin sinadarai.

Ana fara tura samfurin ta wani siririn bututu da ke rarrabe sinadarai, kowanne ya fito a lokacinsa, sannan a fesa shi ta bakin allura mai ɗauke da lantarki, dabarar da ta sa masanin sinadarai John Fenn ya samu kyautar Nobel a 2002. Daga nan na'urar ta zaɓi sinadari ɗaya bisa nauyinsa, ta farfasa shi, ta auna gutsattsarin. Da na sa tiramadol, lambar nauyinta 264 ta fito a allo, ta gutsurenta kuma 58.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da malamarmu ta sa fitsarin mai shan venlafaxine, maganin ciwon damuwa. Hanta na juya maganin zuwa wani sinadari da shi ma yake ba da 264 da 58, idan waɗannan lambobi biyu kaɗai aka duba, ba abin da ya raba shi da tiramadol sai lokacin fitowarsa daga bututun. Ko na'urar Orbitrap, wadda ta shigo kasuwa a 2005 kuma take auna nauyi daidai ƙwarai har tana taimakawa wajen gano sababbin ƙwayoyi, ba za ta raba su da nauyi kaɗai ba, domin nauyinsu ɗaya ne sak. A garinmu, inda takardar sakamako kan iya fasa aure ko hana mutum aiki, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Na'urar tana buƙatar wuta ba yankewa da ɗaki mai sanyi wanda ƙurar hunturu ba ta shiga, shi ya sa har yanzu aika samfuri muke yi. Amma tun da na dawo, ba na aikawa sai na rubuta duk maganin da mutum yake sha, kuma ba na sa hannu a kan sakamakon tsinke kaɗai.